Ƙwarewa a daidaita haƙora: residensi a gida, digiri a waje, ko gajeren kwas?

Likitan haƙorin da gwamnati ta ajiye a babban asibitin Gumel, ko Ringim, ko Rano, ya san aikin da ke jiransa tun kafin ya buɗe ƙofa: cire haƙorin da kogo ya cinye, tsaga kumburin da aka yi mako ana shafa wa magani a gida, kankare dattin da ya daskare a gindin dasashi, sai kuma ɗan acaɓan da ya zo da karyayyen muƙamuƙi. In ya shekara biyu ko uku a haka, tunanin ƙaro karatu zai fara zuwa masa. Cikin fannonin da ke jan hankalin matasa kuwa, babu kamar daidaita haƙora da muƙamuƙi, wato aikin nan na sa wa mutum ƙarfe a baki har haƙoransa su jeru. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ba kiran dare, ba jini sosai, masu yin sa a Arewa 'yan tsiraru ne, kuma a birni akwai samu a cikinsa.

Hanyoyi uku ne a gaban mai wannan niyya. Ko ya shiga residensi, wato horon ƙwarewa da likita ke yi yana aiki a hannun manya, a asibitin koyarwa nan gida, ko ya fita waje ya yi digiri na biyu, ko ya biya kuɗin gajeren kwas ya dawo ya fara aiki. Kafin a jera su, akwai ma'auni guda da ya kamata a riƙe, domin shi ne zai raba gardama.

Haƙori ba ya gaggawa. In aka matsa masa da waya, ƙashin da ke gefen da ake tura shi yana narkewa a hankali, wani sabo yana ginuwa a gefen da ya baro, kuma abin da yake iya motsawa lafiya a wata guda bai cika wuce milimita 1 ba. Shi ya sa aikin ƙarfen da ake liƙawa yakan ci wata 18 zuwa 24, wani lokaci fiye, majinyaci yana dawowa duk bayan mako 4 zuwa 8. Bayan an cire ƙarfen ma ba a gama ba, sai an sa abin da zai riƙe haƙoran, in ba haka ba su nufi inda suka fito. Liƙa ƙarfen shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Wahalar tana wata na goma, lokacin da turamen baya da ka dogara da su suka fara zamewa gaba, ko gurbin da ka cire haƙori ya ƙi rufewa, ko hoto ya nuna saiwa ta fara gajarta. Don haka tambayar da za a yi wa kowace makaranta ita ce: mutum nawa zan fara wa aiki da hannuna, in kai su ƙarshe, malami yana tsaye a kaina? Wanda ya koyi shuka kawai, bai taɓa zama a gona har kaka ba, ba za a kira shi manomi ba.

Ƙasashen da suka daɗe a fannin sun gina tsarinsu a kan wannan. A Turai, tsarin Erasmus da aka fitar a 1992 ya tsayar da shekara 3 cur, kimanin awa 4,800. A Amurka mafi ƙarancin abin da hukumar sahale karatun haƙori ke karɓa wata 24 ne da awa 3,700, kuma makarantu da yawa sun zarce haka.

Mu fara da gida. Kwalejoji biyu ne ke ba da shaidar ƙwarewa: Kwalejin Horar da Manyan Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, da Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Kowace tana da sashen haƙori. Ta ƙasa tana ba da FMCDS, ta Afirka ta Yamma tana ba da FWACS. Matakansu iri ɗaya ne. Bayan shekarar sanin makamar aiki da hidimar ƙasa, sai jarrabawar firamare, wadda ke maido da mutum kan ilimin ginin jiki da aikinsa da cututtuka, abubuwan da ya baro tun aji biyu da uku na jami'a. Da ita ake neman gurbi. In an samu, shekarun farko ba na daidaita haƙora ba ne zalla. Za a zagaya da kai tiyatar baki da muƙamuƙi, da cike haƙori, da haƙoran yara, da ciwon dasashi, da sauransu, sannan ka zauna jarrabawar kashi na ɗaya. Sai ka haye ta ne za ka zama babban rijistara, wato ka shiga matakin ƙarshe na horon, ka tare a fanninka, ka tara majinyatan da za ka gabatar, ka rubuta kundin bincike, ka kare shi a kashi na biyu. A takarda abin yana kai shekara 6. A zahiri, yajin aiki da faɗuwa jarrabawa da jiran a amince da taken bincike sukan ƙara a kai, kuma jarrabawar sau biyu ake yi a shekara, wanda ya faɗi sai ya jira wata shida.

Matasa da yawa suna ƙorafi kan zagayen nan na farko, suna ganin ɓata lokaci ne ga wanda ya riga ya san abin da yake so. Ni ban ga haka ba, musamman ga wanda zai dawo Jigawa. A Landan ƙwararre yana da abokan aiki a kowane ɗaki, ya tura wannan can, ya tura wancan nan. A Haɗeja kai ne za a kawo wa yaron da fiƙarsa ta maƙale a cikin ƙashi, kuma ba lallai a sami likitan tiyata kusa da zai buɗe maka ita ba. Abin da ka koya a zagayen nan shi zai fisshe ka.

Babbar fa'idar wannan hanya biyu ce. Ta farko, ana biyan ka albashi kana koyo, ba kai kake biya ba. Dokar horar da likitoci masu neman ƙwarewa da aka sa wa hannu a 2018 ta kuma tanadi wani asusu na tallafa wa kuɗin jarrabawa da kwasa-kwasan bita, ko da yake ma'aikatan asibitocin tarayya ne suka fi cin moriyarsa, shi ya sa ƙungiyar likitocin ta daɗe tana kiran jihohi su rungumi dokar. Ta biyu, takardar da za ka fito da ita ita ce wadda asibitocin gwamnati suka sani wajen naɗa kwansaltan, wato babban likita ƙwararre. Ba sai ka yi wa kowa dogon bayani ba.

Akwai ta uku da ba a cika faɗa ba. Bakin da za ka koya a kansa shi ne irin bakin da za ka yi wa aiki har ka yi ritaya. Rabe-raben cizo guda uku, wato yadda haƙoran sama da na ƙasa ke haɗuwa, da likitan haƙori Edward Angle ya fitar a 1899 suna aiki a ko'ina, amma yawan kowane iri ya bambanta. A Turai cunkoson haƙora da komawar muƙamuƙin ƙasa baya sun fi yawa. A wajenmu za ka fi haɗuwa da haƙoran sama da na ƙasa duk sun turo gaba tare, da tazara tsakanin haƙora, da bakin da na gaba ba sa haɗuwa. Ma'aunan hoton kai na gefe da ke cikin manyan littattafai, irin na Downs na 1948 da na Steiner na 1953, a kan fuskokin Turawa aka ɗauke su. Wanda ya ɗora su kai tsaye a kan ɗan Kazaure zai ga matsala inda babu ita, ya ciccire haƙora huɗu ya mai da leɓɓa ciki, ya ba yaro fuskar da ba ta gidansu ba. Malaman da ke Legas da Ibadan da Ife sun yi bincike a kan ma'aunin 'yan Najeriya, kuma da shi za su horar da kai. Sai batun wushirya. Littafi yana lissafa ta cikin abin da ake rufewa, mu kuwa ado ce da ake yabo. Likitan da ya rufe wa budurwa wushiryarta ba tare da ya tambaye ta ba, ranar cire ƙarfe zai sha kallo.

Matsalar hanyar gida ita ce gurbi. Asibitocin da suka yi suna a wannan horo yawancinsu a Kudu suke: asibitin koyarwa na Jami'ar Legas a Idi-Araba, na Ibadan, na Ile-Ife, na Benin. A nan kusa akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da tsangayar haƙori ta Jami'ar Bayero, kuma nan ne wurin da ɗan Kano ko Jigawa zai fara leƙawa. Amma sahalewar horo aba ce da kwalejojin ke bayarwa sashe-sashe, na wani wa'adi, wani wurin cikakkiya, wani wurin rabi, ta yadda sai an tura mutum wani asibiti ya cike sauran. Kada ka dogara da ji-ta-ji-ta. Nemi jerin sunayen da kwalejin ta fitar na wannan shekarar, ka ga ko sashen yana ciki, kuma har zuwa wane mataki. Ka tambayi kwansaltan nawa ne a fannin suke zaune a wurin, domin sashen da ke da mutum ɗaya, ranar da ya tafi hutun shekara ko ya sami aiki a Saudiyya, horonka ya tsaya.

Wanda ke aikin jiha yana da wata ƙofa: jiha ta sake shi ya tafi a matsayin wanda aka ɗauki nauyinsa, tana ci gaba da biyan sa albashi, shi kuma ya sa hannu zai dawo ya yi mata aiki. Ya fi sauƙin samu a kan gurbin da asibitin tarayya ke biya da kansa. Sai dai albashin da ke riƙe gida a Babura ba zai biya hayar ɗaki a kusa da Idi-Araba ba. Ga 'yan'uwa mata, waɗanda suke da yawa a aikin haƙori, lissafin ya fi haka nauyi: shekaru a Kudu, ga maigida, ga yara 'yan makaranta. Magana ce da ake zama a gama ta a gida tun kafin a sayi fom ɗin firamare, domin ita ma sakamakonta yana da wa'adi, ba a ajiye shi har abada.

Tsakanin kwalejojin biyu kuwa ba na ganin abin dogon tunani. A asibiti ɗaya, a hannun malamai ɗaya ake horon, kuma mutane da yawa duka biyun suke zaunawa, wadda ta fara faɗawa hannu a riƙe. Ta Afirka ta Yamma tana da amfani ga mai tunanin aiki a Ghana ko Gambiya ko Saliyo. Ga mai zama a Dutse, kowace ta wadatar.

Hanya ta biyu, fita waje. Abin da take sayarwa shi ne lokaci. Shekara 3, daga ranar farko kana kan fanninka, ba yajin aiki, ba ranar da za ka zo a ce wayar da kake buƙata ta ƙare sai majinyaci ya sayo. A Ingila jami'o'i irin su King's da cibiyar Eastman a Landan suna ɗaukar ɗalibai daga waje, kuma a ƙarshe mutum yana iya zama jarrabawar MOrth ta kwalejojin tiyata na can, wadda ake mutuntawa a ƙasashe da dama. Kuɗin makaranta dubban fam ne masu yawa kowace shekara, ban da masauki da abinci, kuma tun da aka saki naira a kasuwa a watan Yunin 2023, wannan ya fi ƙarfin duk wani mai albashin jiha in ba da tallafin karatu mai ƙarfi ba. A kuma sani, gama digiri a can ba ya ba mutum lasisin aiki a can. Wannan wata jarrabawa ce daban ta hukumar likitocin haƙori ta Birtaniya.

Indiya da Masar sun fi araha, kuma mutanen Kano da Jigawa sun saba da hanyarsu. A Indiya digiri na biyu na haƙori, MDS, shekara 3 ne, majinyata kuma ba sa yankewa. A Masar wanda ya yi Islamiyya da kyau yana da ɗan abin farawa wajen magana da majinyata, duk da Larabcin titin Alƙahira ba na littafi ba ne. Sudan, da a da take cikin lissafin mutanenmu, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya fitar da ita. A waɗannan ƙasashe ingancin ya danganta ga makaranta, ba ga ƙasa ba. Akwai inda baƙo ke riƙe majinyatansa kamar ɗan gida, akwai inda zai ƙare a kallo da rubuta takarda. Akwai kuma digiri na biyu da bincike ne kawai, babu taɓa majinyaci, kuma a jikin takardar ba ka iya bambance su sai ka karanta tsarin karatun.

Sai babbar tambaya: in ka dawo, me takardar za ta yi maka? Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, MDCN, ita ce ke rajistar ƙarin shaidar ƙwarewa, kuma ba kowane digiri na waje take ɗauka daidai da na kwalejojin gida ba. Mutum yana iya dawowa da hannu mai kyau, ya buɗe asibitinsa a Nasarawa ko titin gidan Zu a Kano ya yi ta aiki, amma a ma'aikatar lafiya a ci gaba da lissafa shi a matakin da ya bari, ko a ce sai ya zauna jarrabawar gida kafin a kira shi kwansaltan. Rubuta wa hukumar ka sami amsa a rubuce kafin ka sayar da fili ko ka karɓi bashin ɗan'uwa. Wanda burinsa koyarwa a jami'a ne, digirin waje yana iya zama tsani zuwa digiri na uku, kuma takaddamar da aka sha yi tsakanin hukumar jami'o'i da ƙungiyar manyan likitoci kan matsayin digiri na uku ta nuna abin yana da tasiri. Amma wannan wata manufa ce daban.

Gajeren kwas ba zan daɗe a kansa ba. Na mako ɗaya ne, ko na ƙarshen mako sau ɗaya a wata, a Legas ko Abuja ko Dubai, wani ma ta intanet. Ba ya mai da kowa ƙwararre, kuma a ma'aunin da muka ɗauka tun farko ba ya ko hawa sikeli, tunda kwas ɗin zai ƙare kafin haƙorin majinyacinka na farko ya gama motsi. Haɗarinsa shi ne yana koyar da fara abin da ba ka san yadda ake gamawa ba. Amma ba zan ce ba shi da amfani ba. Akwai aikin tarar matsala tun tana ƙarama wanda kowane likitan haƙori ya kamata ya iya: gane yaron da tsotson yatsa ya buɗe masa cizo, sa abin tsare gurbi in an cire turmin nono kafin lokacin famfararsa, tura haƙori ɗaya na sama da ya fito ta bayan na ƙasa da 'yar na'urar roba mai cirewa, lalubar fiƙar sama a dasashi in yaro ya kai shekara 10 don a san tana tafe ko ta ɓace hanya. Kwas ɗin da ke koyar da wannan, da sanin wanda za a tura gaba da lokacin tura shi, ya cancanci kuɗinsa. Wanda ke alkawarin za ka fara liƙa ƙarfe ranar Litinin, bar shi.

Yanzu abin da ya fi damuna, wanda matasa ba sa son ji. Duk hanyar da ka bi, wannan fanni ba ya rayuwa sai da majinyacin da zai riƙa dawowa shekara biyu, kuma daga aljihunsa zai biya. Ka dubi mutanen da ke layinka yau. Uban da ya taso daga ƙauyen Maigatari ranar Alhamis don ya haɗa kasuwa da asibiti, zai iya kuɗin mota duk wata? Da damina ta sauka ba za ka gan shi ba sai an gama noma. Yara 'yan shekara 12 zuwa 14, waɗanda su ne lokacin aikin ya fi dacewa da su, da yawa suna makarantar kwana, sai hutu. Budurwa za a sa mata rana, uwa ta zo ta ce, "Likita, don Allah a cire mata kafin biki," a cire aiki bai kai rabi ba, miji kuma ya tafi da ita wani gari. Ƙarfen da aka bari wata shida ba dubawa, a bakin da ba a gogewa da kyau, yana barin fararen tabo da kogo da kumburin dasashi, ya fi rashin sawa muni. Ga asuwaki, wanda yake da kyau ga haƙori amma ba ya shiga ƙarƙashin waya kamar ƙaramin buroshi, ga rake da goruba da aya da ke ɓalle ƙarfe. Wasu iyayen za su tambaye ka ko wannan ba canza halitta ba ne, kuma dole ka iya yi musu bayanin bambancin da malamai suka yi tsakanin gyara lahani da neman ƙarin ado, cikin ladabi, ba da ɗaga kai ba.

Ban da mutane, akwai kaya. Ba a tsara wannan aiki sai da hoton baki gaba ɗaya da hoton kai na gefe, da mai haɗa na'urori a ɗakin gwaji, da wuta mai tsayawa. Ƙananan asibitocin ƙananan hukumomi 27 na Jigawa da 44 na Kano ba don wannan aka gina su ba. Gaskiyar magana, ƙwararre a wannan fanni mazauninsa Kano ne, ko Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Abin da zai iya yi wa karkara shi ne ya ware rana a wata ya je Haɗeja ko Gumel ya duba na hannunsa, ya kuma koya wa likitocin can abin da za su tura masa.

Inda karkara ta fi buƙatarsa shi ne yaran da aka haifa da tsagaggen leɓe da ganɗa. Ana yi musu ɗinki suna jarirai, ƙungiyoyi irin su Smile Train suna ɗaukar nauyin tiyata a asibitoci da dama, amma ɗinki farkon tafiya ne. Muƙamuƙin sama yakan tsuke, haƙora su fito a karkace, kuma wajen shekara 9 zuwa 11 ana buƙatar dasa ƙashi a tsagar, wanda sau da yawa sai mai daidaita haƙora ya buɗa wurin tukuna. Wanda wannan ne ya ja shi zuwa fannin, residensi a asibitin da ke da tawagar masu wannan aiki shi ne zaɓinsa, ba tantama.

Shawarata ga mai niyyar zama a aikin gwamnati a Arewa ita ce hanyar gida, duk da tsawonta. Mai cikakken tallafin karatu, wanda MDCN ta tabbatar masa a rubuce, kuma makarantar ta faɗa masa adadin majinyatan da zai riƙe, ya tafi waje, zai riga sa'o'insa gamawa da shekaru. Wanda kuma zuciyarsa tana garinsu, ba ya son komawa birni, ya sake tunani a kan fannin kansa: Kwalejin Ƙasa tana da sashen likitancin haƙori na iyali, ga kuma fannin haƙoran yara da tiyatar baki da muƙamuƙi, waɗanda majinyatansu suna bakin ƙofarsa kullum. Ya haɗa da kwas mai kyau na tarar matsala da wuri.

In jiha ce za ta ɗauki nauyinka, karanta yarjejeniyar kafin ka sa hannu, kada kunyar manya ta hana ka tambaya. Shekara nawa za ka biya da aiki? Albashi zai ci gaba in horon ya zarce wa'adin da aka rubuta saboda yajin aiki? Wa zai biya kuɗin jarrabawa da na tafiya Legas ko Ibadan? Sannan ka nemi a rubuta asibitin da za a ajiye ka in ka dawo, da alkawarin na'urar hoton kai da mai haɗa na'urori, domin takardar da ba ta faɗi wannan ba tana iya mai da kai ɗakin da ka baro, da kujera ɗaya da filayar cire haƙori.